Tiraka ce ke shanye min batir, ko wayarin ne?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu hannu a wayarin da masu hannu a kwamfuta, yau ku duka nake nema. Boxer nake hawa, mai sitata, a nan Kaduna, daga Kawo zuwa Kakuri wurin aiki, in Ahmadu Bello Way ta cushe na bi ta baifas. Kwanakin baya na sa masa tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mashin yake, irin ƙananan nan baƙaƙe masu cin layin waya. Ban yi aiki da manhajar da mai sayarwa ya ba ni ba, na juya ta tana aika bayananta zuwa Traccar da na ɗora da kaina. Nan ɓangaren lafiya lau, ina ganin mashin a taswira har lungun da na faka shi. Batir ne matsalar. Ranakun aiki ba komai, amma in na ajiye shi daren Juma'a, safiyar Litinin sitata ko ƙyas ba ta yi, sai dai kik. Kuma batirin bai daɗe ba. Me ke shan wutar?

Oga Rewaya:
Wa alaikumus salam. Wa ya yi maka haɗin? Ka fara gaya min wannan. Yawancin yaran bakin titi fere waya suke yi da haƙori, su murɗa, su naɗe da baƙin tef, ba fiyus ba dalma. Damina na sauka ruwa ya shiga, wuta ta riƙa zurarewa ta jikin ƙarfe. Kawo shi Panteka na duba.

Baba Makanike:
Cire ta ka jefar, ɗana. Sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, sai addu'a. Mashin da muka sani tun zamanin Honda Benly ba ya buƙatar layin waya.

Injiniya:
Baba a yi mana haƙuri, kafin a jefar a auna tukuna. Ɗan Kawo, kana da mita? Abu uku za ka yi. Mashin a kashe, bayan ya huta, ka auna kan batir: lafiyayye zai ba ka wajen bolt 12.6, in ka ga ƙasa da 12 ya riga ya galabaita. Sai ka tayar, ka ɗan ba shi totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, rektifaya ko kwil ne ba sa caji, tiraka ba ta da laifi. Na uku shi ne mai muhimmanci. Kashe makulli, cire wayar baƙin kan batir, ka juya mita zuwa awon amfiya, ka sa ta tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Duk abin da ta nuna, shi ne abin da ake sha alhali mashin na barci. Kada ka danna sitata mita na haɗe a haka, za ka ƙona ta.

Maman Ilham:
Sannunku da aiki. Ni tambayata daban ce, a yi min afuwa na katse ku. Ina sayar da abinci daga Barnawa, ina da mashina da yara ke kai saƙo da su, duka na sa musu tiraka. Kuɗin shekara nake biya na manhajar. Rannan ta daina buɗewa gaba ɗaya, na kira wanda ya sa min, ya ce shi ma ba nasa ba ne, daga waje ake tafiyar da abin, sai dai a jira. Mene ne wannan Traccar ɗin, kuma zai raba ni da wannan jiran?

Ɗan Kawo:
Hajiya, abin ba shi da sarƙaƙiya kamar yadda ake nunawa. Tiraka abu biyu ne a akwati ɗaya. Akwai mai sauraron tauraron ɗan'adam ya gane inda yake, akwai kuma layin waya da ke aika wannan wurin zuwa wata kwamfuta da ke kwana a kunne, wato saba. Manhajar da ke wayarki ba ta magana da mashin kai tsaye, sabar take tambaya. To wannan sabar ta wasu ce da ba ki san su ba. Ranar da suka rufe ko suka ƙara kuɗi, na'urarki lafiyarta ƙalau amma ta zama kurma.

Traccar buɗaɗɗiyar manhaja ce ta yin wannan sabar. Rubutunta yana fili, kowa zai iya saukewa, ya karanta, ya gyara, ya ɗora inda ya ga dama. Tana jin yaren na'urori masu yawan gaske. Irin tawa yaren GT06 take yi, ta ƙofa mai lamba 5023. Saƙon tes ɗaya na tura wa layin da ke cikin tirakar, na ba ta sabon adireshi, shi ke nan ta sauya alƙibla. Sai dai ki sani, akwai tirakar da aka kulle ta yadda ba ta karɓar wannan umarnin. Kafin ki sayi wata nan gaba, wannan za ki fara tambaya.

Ɗalibin Poly:
Yaya Ɗan Kawo, a ina ka ɗora sabar? Na gwada a tsohuwar laftof ɗina da na sa wa Linux Mint, buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a cikin gida tana yi, daga waje tiraka ba ta samunta.

Ɗan Kawo:
Ba za ta same ta ba ƙanena. Intanet ɗin layin waya ba ya ba ka adireshinka kai kaɗai, ku da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, don haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ga kuma wuta, ana ɗaukewa saba ta mutu. Ni ƙaramar saba muka kama haya a intanet da abokaina, muna raba kuɗin. Linux ne a kanta ita ma.

Baba Makanike:
Yawwa! Ashe dai ana biya. Ku ne kullum kyauta kyauta, ga shi har da haya, kuma na san da dala ne.

Ɗan Kawo:
Ana biya Baba, ban ɓoye ba. Bambancin shi ne in mai hayar nan ya yi min wulaƙanci, na kwashe kayana na koma wani a dare ɗaya, bayanaina na hannuna. Ku duba abin da ya sa Boxer da Jincheng suka cika garin nan. Ba don sun fi kowa kyau ba ne. Don ko a Maraban Jos ya tsaya maka, akwai mai sifana goma da sha biyu da zai buɗe kafireta ya wanke ka wuce. Ba wanda ya riƙe makullin injin. Haka nake son manhajar da nake aiki da ita ta zama.

Na Rigasa:
Ku dai kuna magana ne irin ta masu ofis. Ni a kan mashin nake ci, tun kafin a hana acaɓa a cikin gari a 2014 zamanin Gwamna Ramalan Yero. Wanda zai ƙwace mashin ba Malali zai kai shi ba. Hanyar Birnin Gwari zai nufa ko ta Buruku ya faɗa daji, inda ba sabis. A can tirakarka me za ta gaya maka? Kun manta ƙarshen Satumbar 2021, lokacin da gwamnati ta datse sabis a wasu sassan jihar, ta kuma hana hawa babur gaba ɗaya, na haya da na gida? Duk mai tiraka a yankunan nan lokacin, ƙarfe kawai yake ɗauke da shi.

Injiniya:
Gaskiyarka Na Rigasa, ba mai musu. Tauraron yana nan ko a daji, na'urar ta san inda take, bakin faɗa ne ba ta da shi. Wasu suna ajiye wuraren a cikinsu, in sun dawo inda akwai sabis su juye gaba ɗaya. Amma amfaninta na gaske a mintunan farko ne. Mashin ya motsa ƙarfe biyun dare daga zaure, waya ta yi ƙara, kana da damar da mai kwaɗo kaɗai ba shi da ita. Kuma ba duk sata ce ta daji ba. Da yawa a ƙofar masallaci ne, ko bakin Kasuwar Barci, a tura shi lungu na uku a rufe da buhu har ƙura ta lafa.

Na Rigasa:
In ka gan shi a taswira ma, kai kaɗai za ka je? Kada wani ya karanta wannan ya tafi ƙwato mashin da hannu. A nemi hukuma da 'yan sintirin unguwa. Rai ya fi Boxer.

Ɗan Kawo:
Na dawo da sakamakon awon da Injiniya ya ce a yi. A kashe 12.1. A kunne da totur 14.1, caji lafiya ke nan. Awo na uku ne ya ba ni mamaki. Da farko ya nuna ɗan kaɗan, bai kai miliamfiya 20 ba. Sai na yi abin da na saba yi kowane dare, na tura umarnin datse inji daga waya, mita ta haura 160 ta tsaya a nan.

Oga Rewaya:
Tsaya. Kana nufin kowane dare sai ka datse inji ta waya, ka bar shi a haka har gari ya waye?

Ɗan Kawo:
Ƙwarai Oga. Ƙarshen mako kuma tun daren Juma'a. Don ko an karya makulli kada ya tashi.

Oga Rewaya:
To an gama bincike, ba sai ka zo ba ma. Rile ne. Wannan ɗan baƙin akwatin mai ƙafa huɗu ko biyar da ake haɗa wa tiraka. A cikinsa akwai naɗin waya mai zama maganaɗisu. Yana hutawa ba ya cin komai, mashin na aiki. Kana tura datsewa sai a ba naɗin wuta ya ja ƙarfen, kuma muddin yana riƙe da shi yana ci. An yi shi ne don ranar sata, ba don gadin kullum ba.

Injiniya:
Ga lissafin ga mai so. Naɗin irin rilen motan nan wajen om 80 ne, om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Raba bolt 12 da 80, ka sami amfiya 0.15, wato miliamfiya 150, ya yi daidai da abin da mitarka ta ƙara. Batirin ƙaramin mashin a ce 5Ah, wato kamar amfiya 5 na tsawon awa ɗaya. Raba 5 da 0.16, awa talatin da ɗoriya ke nan ya ƙare ƙaf, kuma sitata tana gazawa tun kafin a kai nan. Daren aiki awa takwas ne ko tara, da safe ka hau zuwa Kakuri ya mayar da abin da ya rasa. Daga daren Juma'a zuwa Litinin kuwa ya kusa awa sittin. Abin da ya rage, batirin dalma ba ya son a riƙa zuƙe shi har ƙasa, kowane zuƙewa yana rage masa kwana. Ka kai a yi masa caji a hankali, ka sake aunawa bayan ya kwana.

Baba Makanike:
Alhamdu lillahi, an zagaya an dawo gida. Ɓoyayyen makunni, ɗana. Ɗan ƙarami, a kan wayar da ke kashe CDI, ɗan akwatin da ke ba fulogi wuta, a ɓoye shi inda kai kaɗai ka sani. Ba ya cin wuta, ba ya neman sabis, ba ya son dala. Mun daɗe muna yi. Kada dai ka sa shi ƙarƙashin kujera ko gefen tanki, nan ɓarawo ke fara lalubawa.

Ɗan Kawo:
Na karɓa Baba. Makunni na dare, tiraka ta ido, rile ya zauna jiran ranar da ba ma fata.

Oga Rewaya:
Ranar ma a kula. Ba a datse wa mashin inji yana gudu a titi, ko ɓarawo ne a kai, akwai mota a bayansa, akwai masu tafiya a ƙasa. Wasu tirakokin ba sa yarda su datse sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20. Ka gwada taka a fili ka gani. Kuma ka sa fiyus ƙarami kusa da kan batir, na ga mashin da ya ci wuta saboda rashinsa.

Maman Ilham:
Ni fa na ƙaru. Wani abin da nake so shi ne lissafin mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya fi komai cin ribata. Yaro ya ce ya sha lita kaza, ba ni da yadda zan gane.

Ɗan Kawo:
Traccar na fitar da rahoton kilomitan da kowane mashin ya yi a rana. Ki cika tanki, ki rubuta, in an sake cikawa ki raba kilomita da litar da ta shiga. Ni a LibreOffice, buɗaɗɗiyar manhajar aikin ofis, nake ajiye nawa. Bayan 'yan makonni za ki san halin kowane mashin, wanda ya kauce kuma za ki gani.

Baba Makanike:
Amma Hajiya kafin ki zargi yaro ki zargi mashin. Taya ba iska tana shan mai. Sarƙa busasshiya ko wadda aka ɗaure tamau tana sha. Birki mai kamawa yana sha. Lokacin hunturu ƙurar garin nan tana toshe soson iska, inji ya riƙa shaƙar mai fiye da iska, a wanke shi a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. Ga man 'yan bumburutu, wani da ruwa wani da datti. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, tun da mai ya yi tsada kowa zuwa yake a matse masa kafireta. A matse har inji ya riƙa yunwa, ya yi zafi, bawul ya ƙone, kuɗin da aka tara na mai a kai wa mai fistin da ringi. Ku cire fulogi ku duba bakinsa. Ruwan ƙasa, daidai ne. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa. Fari fat, kun kusa sauke inji.

Na Rigasa:
Hajiya, ni kuma ta yaran zan faɗa, don na yi aikin kai saƙo. Mai mashin da na yi wa aiki, ina tsayawa sallar la'asar zai kira, me kake yi minti goma a wuri ɗaya. Na biya gida na duba mahaifiyata, ya sani. Abin nan in ya faɗa hannun marar tausayi, bauta ce. Kuma ku da kuka ɗora sabarku, duk wanda ya shigo cikinta kuna ganin inda yake kwana. Wa ke gadin mai gadi?

Maman Ilham:
Wallahi ba na ɓoye musu, ranar da na ɗauki yaro nake nuna masa akwai ta. Bayan an tashi aiki kuma ba na dubawa. Amma ka faɗi gaskiya, akwai masu yi.

Ɗan Kawo:
Na Rigasa, tambayarka ta mai gadi ta fi nauyi. E, mai riƙe da saba yana iya gani. A tamu kowa da asusunsa, ba ya ganin na wani, amma ni da na kafa ta ina iya buɗe duka. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta kawar da wannan ba. Abin da ta yi shi ne mai ganin ya zama wanda ka san gidansu, ba wanda ba ka san ƙasarsu ba. Ko wanne ya fi, kowa ya auna. Wani zai ce gara baƙon da bai damu da kai ba.

Na Rigasa:
Ni dai gara baƙon.

Ɗalibin Poly:
Tun da ana maganar taswira, wadda Traccar ke nunawa ta OpenStreetMap ce, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa na iya gyara ta. Na sa Organic Maps a wayata, na sauke taswirar yankinmu, tana aiki ba data. Amma in ka shiga cikin Rigasa ko Hayin Banki, layuka da yawa ba suna. Da za mu riƙa sa wuraren masu faci, garejin mashin da gidajen mai, da an amfana. Ni na fara da na Tudun Wada.

Na Rigasa:
Taswirar Rigasa tana kaina. Amma ta masu faci da ke kaiwa dare, wannan zan ba ka. Gidan mutane dai kada a sa.

Injiniya:
Ga abin da ya daɗe yana raina. Bayanin da Baba ya yi na fulogi, da na Oga kan rile, ba a rubuce suke da Hausa ba a inda yaro zai samu. Launin wayoyin kowane mashin, tazarar bawul, alamomin rektifaya in ta mutu. Me zai hana mu tara su wuri ɗaya, kowa ya karanta, wanda ya ga kuskure ya gyara? Asalin harkar buɗaɗɗiyar manhaja ma daga gyara ta taso. Richard Stallman yana jami'ar MIT a Amurka, na'urar buga takardunsu tana yawan cushewa, ya nemi rubutun manhajarta ya gyara aka hana shi. A 1983 ya shelanta aikin GNU, na gina buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da kwamfuta. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Yau duk wayar Android da ke aljihunmu a kansa take tafiya.

Oga Rewaya:
Injiniya, da girmamawa, kai albashi kake ɗauka. Ni shekaru na yi ina share shago, ina sayo wa ogana abinci, kafin ya bar ni na taɓa waya. Yanzu na zuba komai a intanet, yaro ya karanta da dare, da safe ya kafa tebur a gabana? Wannan sanin shi ne jarina.

Baba Makanike:
A nan ban bi ka ba, Oga. Ka rubuta masa tazarar bawul, ka ba shi ma'aunin ma, ka ga ko zai ɗaure daidai. Hannu da kunne ba sa shiga takarda. Ni mashin na shigowa layinmu na san ko tafet ne ko sarƙar taimin. Wanda ya karanta zai san dai lokacin da ake cutarsa, mai gaskiya kuma ba ya tsoron wannan. Abin da ke hana ni barci daban ne. Masu injekta sun fara shigowa, masu batir zalla ma ana ta maganarsu. Ba kafireta, ba abin da za ka busa. Ɗan akwati ne a rufe, in ya ƙi sai na'urar kamfani. Abin da ya sami makanikan mota da aka bar zamanin Fijo 504 ta Kakuri, shi ke tafe mana. Ranar nan ni da kai duka za mu nemi yaran nan masu laftof.

Ɗalibin Poly:
Baba akwai masu aiki a kan haka. Speeduino ƙwaƙwalwar inji ce buɗaɗɗiya, a kan allon Arduino Mega aka gina ta, tana sarrafa mai da tartsatsin fulogi, zanenta da rubutunta duk a fili. Ina son na gwada a kan tsohon inji, ba na hawa ba, na kan benci.

Baba Makanike:
Akwai wani injin Jincheng a bayan shagona, mai shi ya yafe shi. Ka zo ka ɗauka, da sharaɗin a gabana za a yi, na ga abin da akwatin ke gaya wa inji.

Oga Rewaya:
To ni launin waya zan bayar, na mashina uku da suka fi yawa. Yadda nake gano inda waya ta yanke a cikin ɗauri ba tare da na farke shi ba, wannan sai wanda ya zo ya yi shara.

Maman Ilham:
Ɗan Kawo, in na turo maka hoton tirakokin nawa za ka gane ko suna karɓar sabon adireshi?

Ɗan Kawo:
Turo ta gefe Hajiya, ki rufe doguwar lambar da ke jikin takardar, kada ki sa ta a nan cikin jama'a. Ki kuma duba layukan da ke ciki da sunan wa aka yi musu rajista. In da NIN ɗin wanda ya sa miki ne, wannan za mu fara gyarawa kafin a taɓa saba.